Watchmen Daga Shafi Zuwa Allo: Kundin Aikin Gwada Fim Da Littafinsa

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Na sa wa kaina aikin ajiye fim ɗin Watchmen na 2009 kusa da littafin zanen da aka ciro shi daga ciki, in bi su babi-babi, in ga abin da aka riƙe, abin da aka sauya, da abin da aka zubar. In Allah ya nufa na kammala, dogon sharhi guda zan fitar. Nan kuwa zan riƙa ajiye abin da kowane zama ya haifar tun yana da ɗumi.

Littafin aikin mutum uku ne 'yan Ingila: Alan Moore ya rubuta, Dave Gibbons ya zana, John Higgins ya shafa launi. Kamfanin DC na Amurka ya fitar da shi kashi 12, daga Satumba 1986 zuwa Oktoba 1987, sannan aka haɗe shi kundi guda. Fim ɗin kuma Zack Snyder ne ya ba da umarni, David Hayter da Alex Tse suka tsara labarin, ya shiga sinima ranar 6 ga Maris, 2009. Kafin Snyder, daraktoci irin su Terry Gilliam da Darren Aronofsky da Paul Greengrass duk sun taɓa aikin sun bari. Moore ya ƙi yarda a sa sunansa, shi ya sa sunan Gibbons kaɗai ke jikin fim ɗin a matsayin mai littafi.

Fim ɗin iri uku ne. Akwai na sinima mai wajen minti 162, akwai na darakta mai minti 186, sai mafi tsawo mai minti 215 wanda aka cusa wa labarin 'yan fashin teku. Na darakta na ɗauka ya zama ma'aunina, domin adalci shi ne a auna mutum da abin da ya so nunawa kafin almakashi ya hau kai.

Masu yabon fim ɗin da masu kushe shi sun haɗu a kan magana ɗaya, cewa ya bi littafin sau da ƙafa. Na farko suna ganin nan darajarsa take, na biyu suna ganin abin da ya kashe shi ke nan. Tambayar da ni nake son amsawa ita ce: shin zai yiwu a kwafi hoto daidai wa daida, a kwafi maganar baki, amma a tashi da wani saƙo dabam?

Talata, 7 ga Oktoba

Babi na 1 da farkon fim.

Ga wanda bai san labarin ba: muna birnin New York ne a watan Oktoba 1985, amma a wata duniyar da tarihi ya karkace. Amurka ta ci yaƙin Biyetnam, Richard Nixon na nan kan mulki, dokar Keene ta 1977 ta haramta wa masu rufe fuska aikin 'yan banga, ita kuwa Amurka da Tarayyar Sobiyet suna gab da jefa wa juna nukiliya. Ana cikin haka aka wurgo wani tsoho, Edward Blake, daga tagar bene. Shi ne Comedian, ɗaya daga cikin masu rufe fuskar da ya koma yi wa gwamnati aiki.

A littafin, ba mu ga kisan yana faruwa ba. 'Yan sandan ciki biyu ne ke zagaya ɗakin suna hasashe, sai a riƙa tsarma wasu jajayen hotuna na abin da ya auku: tsoho ana ta jibgarsa, ba ya iya kare kansa, sannan a ɗaga shi a jefa. Duka ne mai muni, ba abin sha'awa a cikinsa. Snyder ya mayar da wannan dogon faɗa na ƙwararru, da waƙa mai taushi a ƙasa, ana rage gudun hoto ana ƙarawa, naushi na fasa bango. Tun a mintunan farko mai kallo ya riga ya ɗauka waɗannan mutane suna da ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Alhali ginshiƙin littafin shi ne mutum ɗaya tak ke da irin wannan iko, wato Dakta Manhattan. Sauran mutane ne masu tumbi da ciwon baya da kaɗaici, waɗanda suka ɗinka wa kansu kaya.

Amma abin da ya biyo baya, wato jerin hotunan da sunayen 'yan wasa ke fitowa a kansu, da waƙar Bob Dylan, shi ne wuri mafi kyau a fim ɗin duka a wurina. Cikin 'yan mintuna ya ba da tarihin ƙungiyar Minutemen, masu rufe fuska na zamanin farko, tun daga farkonta, yadda wasu suka mutu, wani ya haukace, wata ta yi ritaya, ya haɗa da kisan Kennedy da saukar mutum a wata. A littafin, yawancin wannan yana cikin rubutun zube da ke ƙarshen babi uku na farko, tarihin rayuwar Hollis Mason, tsohon ɗan ƙungiyar, da ya rubuta da kansa. Abin lura, wannan yanki da ya fi kowane kama ruhin littafin, kusan babu hotonsa ko ɗaya da aka kwafo daga shafi. Snyder ya zauna ya yi tunani irin na mai fim, sai abin ya yi kyau. Na ja layi a ƙarƙashin wannan, don ina jin zan sake komawa kansa.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Yau shekara 40 cif da ranar da ke saman shafin farko na littafin tunawar Rorschach, mai rufe fuskar da ke binciken kisan Comedian, wato 12 ga Oktoba, 1985.

Na kai wa wani abokina mai zane littafin don ya duba mini tsarin shafi, tun da idonsa ya fi nawa a wannan fanni. Gibbons ya raba kusan kowane shafi gida tara, uku a jere sau uku, wani lokaci ya haɗe biyu ko uku su zama ɗaya. Babu kumfar tunani a kan kowa, babu manyan baƙaƙen nan na ƙarar naushi ko fashewa da aka saba gani a littattafan jarumai. Higgins kuma ya kauce wa ja da shuɗi da rawaya masu ƙyalli, ya karkata ga shunayya da kore da ruwan lemo. Abokin nawa ya daɗe yana juya shafuka, sannan ya ce, "Malam, ai wannan mutumin agogo ya zana. Kowane gida daƙiƙa ɗaya ne, ba wanda ya fi wani girma. Naushi da shan shayi duk wuri ɗaya ya ba su."

Maganarsa ta buɗe mini babi na 3. A nan ne 'yan daba suka tare Dan Dreiberg da Laurie, tsofaffin masu rufe fuska biyu, a lungu. A shafi, ana nuna faɗan ne gida ɗaya, gida na gaba kuma hirar talabijin da ake yi da Dakta Manhattan, inda ɗan jarida ke tuhumarsa da sa wa na kusa da shi ciwon daji. Maganar can tana faɗowa kan hoton nan. Da aka gama, su biyun suna haki, sun kalli juna, kunya ta kama su, domin sun gane sun ji daɗin abin. Wannan kunyar ita ce ma'anar fitowar. Fim ɗin ya riƙe tsarma faɗan da hirar, ya kyauta a nan. Sai dai ya ƙara ƙashi yana huda fata ya fito, da wuƙa a wuyan mutum. Dan da Laurie, waɗanda su ne masu sauran tausayi a labarin, sun zama masu kisa ba tare da ko waiwaye ba. To idan haka suke, me ya bambanta su da Rorschach, wanda kowa ke tsoro saboda ya ƙetare iyaka?

Litinin, 13 ga Oktoba

Babi na 4, Dakta Manhattan a duniyar Mars. Jon Osterman, wato sunansa na asali, ɗan mai gyaran agogo ne, masanin kimiyya, wanda hatsari a ɗakin gwaji na Gila Flats ya tarwatsa jikinsa a watan Agusta 1959, ya sake haɗa kansa ya dawo yana ganin jiya da yau da gobe lokaci ɗaya. Fim ɗin ya yi wannan yanki da kyau ƙwarai. Muryar Billy Crudup a sanyaye take, kamar ta wanda ya gaji da sanin abin da zai faru, kiɗan Philip Glass kuma ya zauna daram. Abu ɗaya ne allo ba zai iya ba: a shafi, 1945 da 1959 da 1985 suna gaban idonka tare, kana iya duba wanda ka ga dama, ka zama kamar Jon ɗin kansa. A fim dole hoto ya bi bayan hoto. Wannan iyakar sana'ar ce, ban ɗora wa Snyder laifinta ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Babi na 5 an gina shi kamar madubi. Shafin farko yana amsa na ƙarshe a tsarin gidaje da launi, na biyu yana amsa na kusa da ƙarshe, har a haɗu a tsakiya, inda wani ɗan bindiga ya kai wa Adrian Veidt, tsohon mai rufe fuska da ya zama attajiri, hari. Ba wanda zai nemi fim ya kwaikwayi wannan, na wuce shi.

Veidt ɗin ne ya tsayar da ni. A littafi mutum ne mai fara'a, mai kyauta, wanda ake nunawa a talabijin yana wasan motsa jiki don tara kuɗin agaji. Mai karatu ba ya zarginsa, shi ya sa tonuwar asirinsa ke girgiza mutum. Matthew Goode ya buga shi a sanyaye, da kallon raini, tun fitowarsa ta farko kana jin akwai wata a ƙasa. Sannan akwai taron 1966. A littafi, Kyaftin Metropolis ne ya kira shi, tsohon ɗan Minutemen da ke son kafa sabuwar ƙungiya mai suna Crimebusters. Comedian ya yi masa dariya, ya cinna wa taswirarsa wuta, ya ce nan da shekara 30 nukiliya za ta share kowa. Veidt yana gefe yana kallon taswirar da ta ƙone, kuma a nan tunanin ya shige shi. Fim ya ba Veidt jagorancin taron, ya kuma sa wa ƙungiyar suna Watchmen, alhali a littafin babu wata ƙungiya mai wannan suna. Na fahimci dalilin, rage yawan mutane ne. Amma mai shiru a gefe yana saƙa da kwancewa ya fi ban tsoro a kan wanda aka ci wa fuska a gaban jama'a.

Laraba, 22 ga Oktoba

Babi na 6. Nan na fi daɗewa, kuma nan ne na fara ganin amsar tambayata.

Da farko, Jackie Earle Haley, wanda ya fito a matsayin Rorschach, ya cancanci duk yabon da ake masa. Ƙaramin jiki, ido a bushe, murya kamar ana jan ƙarfe a ƙasa. In aka cire masa abin rufe fuska, Walter Kovacs ɗin Gibbons, wato Rorschach a sunansa na gaskiya, shi ne ya sauko daga shafi. Matsalar tana ga abin da aka kewaye shi da shi.

A littafi, wannan babi na mutum biyu ne: Kovacs a kurkuku, da likitan ƙwaƙwalwa Malcolm Long da aka ba aikin duba shi. Long ya shigo da fara'a da burin yin suna. Muna bin sa gida, muna ganin matarsa Gloria, muna karanta abin da yake rubutawa da dare. Kullum ya zauna da Kovacs sai wani abu ya karye a cikinsa, barci ya ƙaurace masa, aurensa ya fara tsagewa, har ya ɓata wa baƙi cin abinci da labarin yarinyar da aka kashe. Ta idon Long muke auna nauyin abin da Kovacs ke faɗa. Hatta shahararriyar maganar nan da Rorschach ya yi wa fursunoni bayan ya watsa wa ɗayansu tafasasshen mai, cewa ba shi aka kulle tare da su ba, su aka kulle tare da shi, a littafin ba mu ji ta daga bakinsa ba. Long ne ya rubuta ta a takardunsa, cikin damuwa. A fim Haley ya ƙwala ta da ƙarfi ana jan sa, ta zama kirari. Kalmomin ba su sauya ba ko kaɗan, amma a can abin firgita ne, a nan abin tafi.

Haka labarin 1975, na yarinya 'yar shekara 6, Blair Roche, da aka sace. Kovacs ya gano wanda ya sace ta ya kashe ta ya ba karnukansa. A littafi ya sa wa mutumin ankwa, ya ajiye masa zarto, ya zuba kananzir, ya kunna wuta, ya fita ya tsaya a titi yana kallon gidan na ci. Abin da ya faɗa wa Long game da wannan tsayuwar shi ne zuciyar babin: a nan ya yanke cewa duniya ba ta da wani tsari sai wanda mutum ya ɗora mata. A fim, mutumin ya amsa laifinsa, ya nemi a kama shi, Rorschach ya sassara masa kai da wuƙar mahauta cikin fushi. Fushi abu ne da kowane mai kallo zai gane, har ya ce shi ma da haka zai yi. Sanyin zuciyar da ke tsayawa kallon wuta kuwa ba mai cewa nasa ne.

An kuma zubar da abu biyu. Na ɗaya, asalin abin rufe fuskar: Kovacs ya yi aiki a masana'antar ɗinki, ya ajiye wani yadi da wata mata ta ƙi karɓa, daga baya ya haɗa ta da Kitty Genovese, wadda aka kashe da gaske a New York a 1964, jaridun lokacin suka ce maƙwabta na ji ba su kawo ɗauki ba. Na biyu, kuma wanda ya fi ci mini rai, takardun da ke ƙarshen babin. A ciki akwai rubutun Kovacs yana yaro, yana yabon Shugaba Truman da ya jefa wa Japan bam ɗin nukiliya, wai hakan ya ceci miliyoyi. Wannan ita ce hujjar da Veidt zai kawo a ƙarshe, wadda Rorschach zai zaɓi mutuwa a kan ya amince da ita. Moore ya dasa wannan tun babi na 6 don kada mu ɗauki Rorschach mutum mai ƙa'ida ɗaya miƙaƙƙiya. An samo shi ne daga The Question na Steve Ditko, ɗaya daga cikin jaruman kamfanin Charlton da DC ta saya, kuma an gina shi don a nuna inda ganin duniya baƙi da fari kawai ke kai mutum: wari, wake mai sanyi daga gwangwani, karya yatsun mutane a mashaya, da kiran yunƙurin fyaɗen da Comedian ya yi wa Sally Jupiter, mahaifiyar Laurie, ɗan tuntuɓe. Fim ya bar wasu daga cikin waɗannan, amma kyamara na ƙaunarsa. Kama da wane ba ta wane.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Babi na 7 zuwa na 9, da sauri.

Kisan Hollis Mason, tsohon da 'yan daba suka kashe a gidansa daren Halloween da mutum-mutumin da aka ba shi kyauta, babu shi a fim ɗin sinima. Yana cikin na darakta, kuma an yi shi da tausayi: tsohon yana kai naushi yana ganin abokan gabarsa na ƙuruciya. Wanda bai ga wannan ba bai ga ɗaya daga cikin wurare mafi kyau na aikin Snyder ba.

Laurie ce aka fi tauyewa. A shafi mace ce mai kaifin harshe, mai shan taba, mai ɗauke da haushin uwar da ta tura ta wannan sana'a. A babi na 9, a duniyar Mars, ita da kanta ta haɗa guntayen tunaninta har ta gane Comedian ne mahaifinta, tana ƙin gaskiyar tana kusantarta. A fim Jon ne ya taɓa ta ya buɗe mata abin da ya wuce. An karɓe mata aikin da ya fi kowane girma a rayuwarta an miƙa wa namiji.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na kalli mai minti 215 saboda mutanen kwanar titi.

A littafin akwai wata kwana a New York da ake komawa kusan kowane babi. Akwai mai sayar da jarida, Bernard, wanda matarsa ta rasu, mai surutu kan siyasar duniya. Akwai yaro, shi ma Bernie, da ke zaune a gefensa yana karanta littafin zane na 'yan fashin teku bai saya ba. A duniyar da masu rufe fuska ke yawo da gaske, ba mai sha'awar karanta labarinsu, sai na 'yan fashin teku ya samu kasuwa. Akwai wata direbar tasi, akwai 'yan sandan nan biyu, ga Dakta Long yana wucewa, ga wani mai ɗauke da allon da ke cewa ƙarshen duniya ya zo, wanda daga baya muka gane Kovacs ne. Ba ɗayansu da ke ciyar da labarin gaba. A babi na 3 yaron ya roƙi aron hula saboda ruwan sama, mai jarida ya hana shi, ya ce kowa tasa ta fisshe shi. Da labari ya zo cewa Sobiyet ta shiga Afganistan, sai ya ba shi hular, ya bar masa littafin kyauta. A babi na 11 faɗa ya kaure tsakanin direbar tasin da tsohuwar abokiyar zamanta. Gloria na roƙon Long ya daina ɗaukar kayan wasu a kansa in yana son ta dawo, shi kuwa ya ce ba zai iya gani ya wuce ba, ya nufi wurin rabon faɗa. Sauran ma suka taso. A daidai lokacin da waɗannan mutane suka tashi taimakon juna, harin Veidt ya sauka a kansu.

Labarin 'yan fashin tekun ma ba ado ba ne. Wani matuƙin jirgi ne da ya tsira, ya ɗaure gawarwakin abokansa ya yi kwale-kwale da su don ya riga jirgin 'yan fashi isa garinsu, ya isa ya kashe marasa laifi, ya far wa matarsa a duhu, sannan ya gane jirgin shi yake jira. Veidt ke nan. A fim mafi tsawo an sa shi a matsayin katun da muryar Gerard Butler, amma yana zuwa ne gaɓa-gaɓa, a tsayar da fim a nuna shi a dawo. A shafi kuwa maganar matuƙin na zaune cikin gida ɗaya da surutun mai jarida, kowace tana fassara 'yar'uwarta.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Ƙarshen labari, a ranar da ya faru a littafin.

Abin da aka fi yi wa fim ɗin surutu a kai shi ne cire dodon. A littafi, Veidt ya tara masu zane da marubuta da masana kimiyya a wani tsibiri, cikinsu har da Max Shea, marubucin labarin 'yan fashin tekun, suka ƙera wata ƙatuwar halitta mai ido ɗaya da hannaye barkatai. Ya jefa ta tsakiyar New York, mutuwarta ta kashe mutum miliyan 3, duniya ta ɗauka hari ne daga wata duniyar, Amurka da Sobiyet suka ajiye makamai. A fim, na'urorin makamashi ne suka tashi a manyan birane da dama, mutum wajen miliyan 15 suka mutu, aka ɗora wa Dakta Manhattan.

Ni ban ga laifin wannan sauyi ba a kan kansa. Dodon na buƙatar tsibirin da mutanensa da alamun da aka warwatsa cikin babi da yawa, fim ba shi da wannan fili. Amfani da Jon ya ɗaure labarin wuri ɗaya. Yana da rauninsa: Jon makamin Amurka ne tun 1960, da wuya Mosko ta manta da hakan don kawai New York ma ta ƙone. Kuma Bubastis, kyanwar dajin da Veidt ya ƙirƙira, wadda a littafi alama ce ta cewa ya iya sarrafa halitta, a fim ta zama dabbar ado kawai. Duk da haka zan iya zama da shi.

Abin da ba zan iya zama da shi ba shi ne gawarwakin. Babi na 12 ya buɗe da shafi shida cikakku, kowane hoto ɗaya, bayan babi 11 na ƙananan gidaje. Ba magana, sai mutane a zube, jini a bango, kuma ka san su. Ga Long da Gloria, ga direbar tasi, ga mai jarida ya rufe yaron da jikinsa. Fim ya nuna haske mai shuɗi, ya nuna su Bernard biyu sun rungumi juna na ɗan lokaci, sai ƙaton rami mai tsabta. Wanda ya kalli na sinima bai san ko su wane ne ba. Ina kyautata zaton harin 11 ga Satumba, 2001 yana cikin dalilan, tun da ba a cika shekara 8 da shi ba lokacin da fim ɗin ya fito. Amma abin ya dame ni matuƙa: fim ɗin da bai ji nauyin nuna ƙashi na huda fata a lungu ba, da hannun fursuna ana yanke shi da injin, shi ne ya kau da kai a wuri ɗaya tak da littafin ya ce dole a duba. An ninka adadin matattu sau biyar, nauyinsu a zuciya kuma ya ragu.

Sai maganar ƙarshe tsakanin Veidt da Jon a Karnak, fadarsa ta Antatika. A littafi, bayan kowa ya watse, Veidt ya ambaci mafarkin da yake yi yana iyo zuwa ga wani abu mai muni, ya katse, sannan ya tambayi Jon ko abin da ya yi daidai ne, tun da ya yi kyau a ƙarshe. Jon ya ce masa babu abin da ke ƙarewa, ya ɓace. Aka bar mutumin da ya fi kowa wayo shi kaɗai da shakka a fuskarsa. Wannan ne hukuncinsa. A fim an ɗauke maganar an ba Laurie ta faɗa wa Dan a gida, a matsayin abin da Jon zai ce. A madadinta, Dan ya ga mutuwar Rorschach, ya yi kururuwa, ya koma ya rufe Veidt da duka yana masa wa'azi. Mai kallo ya samu sauƙi, an rama masa. A littafi ba wanda ya rama wa kowa, Dan da Laurie sun amince su yi shiru, suka nemi juna don tsoro.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Jadawalin ya cika har babi na 12, ban da na 10 da nake son sake bi a hankali, musamman yadda Dan da Rorschach suka gano Veidt ta kwamfutar ofishinsa. Akwai kuma batun makamashi da ban taɓa ba tukuna. A littafi motoci masu lantarki sun riga sun cika titi saboda Jon na iya samar da sinadarin batir, har garejin Hollis Mason ya koma na gyaran tsofaffin motoci. Fim ya cire wannan, ya mai da neman sabon makamashi abin da Veidt ke fakewa da shi. Ina son in ga ko wannan ya sauya yadda ake ganin tasirin Jon a rayuwar talaka.

Na fara rubuta sharhin daga babi na 6, tun da can hujjata ta fi ƙarfi, sai in ɗora kwanar titi da shafuka shidan a kai. Jerin hotunan farko da yankin Mars da mutuwar Hollis za su samu nasu wuri, don kada a ɗauka ƙorafi kawai na zo yi.

Abokina mai zane ya karɓi littafin zai kwatanta launin Higgins da na fim ɗin, fitowa-fitowa. Ni kuma mako mai zuwa zan kalli katun mai kashi biyu da aka fitar a 2024, in duba yadda ya yi da Dakta Long da mutanen kwanar titi, sannan in yanke ko jerin shirin tashar talabijin ta HBO na 2019, wanda ya ci gaba daga ƙarshen littafin da dodonsa, zai shiga sharhin ko a bar shi zuwa wani aikin.